Ko a shorum ma ana tayi, ana albarka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, sayen sabuwar mota dal daga kamfani, har na ce ko dai an yi rabon kuɗi ne a gari ni ban ji ba. Na tsamo guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba. Masu tambaya a kan hayaƙin inji da cin mai ku yi haƙuri sai wani makon in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekara ashirin da wani abu ina hawa Beljiyam, ta ƙarshen nan ta gajiyar da ni kullum muna hanyar gareji yau giya gobe esi jibi kuma wani abin daban. Allah ya hore na ce bari dai ko sau ɗaya a rayuwa in ɓare leda da hannuna. Na shiga wani shorum a Abuja, wata yarinya ta kawo min ruwa da shayi ta miƙo min takarda da farashi a jiki, wallahi ni da nake wuni ina ciniki a kan yadi sai na ji bakina ya yi nauyi ko tayi na kasa, na sha shayina na fito. Shin ana ragi a irin wuraren nan, ko kuwa kamar gidan mai ne abin da mita ta nuna shi zaka biya?
Daga wani mai karatu a Kano

Amsa: Alhaji ai ka ba ni dariya, kai da kake sa baƙi daga Agadas su yi zufa a kan bandir ɗin shadda yau kofin shayi ɗaya ya rufe maka baki. Toh ba kai kaɗai ba ne, gilashin nan da sanyin esi da tayil mai ƙyalli ai aikinsu kenan. Na yi shekaru a bayan irin teburin nan kafin in bari, kuma mutanen da suka fi ba mu daɗi su ne masu kunyar tayi.

Ana ragi. Amma ba irin na Kwari ba da za a ce dubu goma ka taya biyar a haɗu a bakwai. A sabuwar mota akwai babban kamfani da yake shigo da ita ko yake haɗa ta, shi yake yanka farashi, dila kuma ribarsa a kan kowace mota ba ta da faɗi sosai. Misali Toyota Nigeria tana da dilolinta irinsu Elizade da Briscoe da Mandilas da Globe, Kia tana hannun Dana, Hyundai da Nissan suna wajen Stallion, Ford wajen Coscharis, GAC wajen CIG, ga Innoson da yake haɗa nasa a Nnewi, ga Fijo ta Ɗangote da aka fara haɗawa a Kaduna a 2022. In ka je irin nan ka taya rabin kuɗi zasu yi maka murmushi ne kawai su ɗauka yawon buɗe ido ka zo. Amma kashi biyu ko uku cikin ɗari ba abin kunya ba ne ka nema, kuma kai ɗan lissafi ne, a motar miliyan 40 kashi 2 ai dubu 800 ne, kuɗin man wata nawa kenan?

Kafin ma maganar ragi, farashin da yarinyar nan ta miƙo maka, ka tambaye ta da me da me ke ciki? Nan ne ake yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, in ba ya cikin farashin, a motar miliyan 40 ɗin nan miliyan 3 ce ta hau kai tun baka taɓa sitiyari ba. Inshora mai rufe komai, hukumar kula da inshora NAICOM ta ce daga Janairun 2023 kar ta gaza kashi 5 na darajar mota, ga wata miliyan 2, ita ƙaramar inshorar dole a lokacin aka maida ta dubu 15 daga dubu 5, amma wa zai ɗora sabuwar mota a titin Kano da ƙaramar inshora ga 'yan adaidaita sahu ta kowane ɓangare. Sai kuɗin lamba da takardu, sai kuɗin ɗauko ta daga Legas in ba ta ƙasa a Abujan. Kaga arba'in ta zama arba'in da biyar da ɗoriya. Saboda haka tambayarka guda ɗaya ce, nawa zan biya gaba ɗaya in kunna motar nan in fita da ita daga get ɗinku ba wanda zai sake ce min kawo sisi? Kuma kar a faɗa maka da baki, a rubuta maka a takardar kamfani, furofoma suke ce mata, kowane abu da layinsa da sa hannu da hatimi.

Takardar nan ita ce makaminka. Ka tsayar da ranka a kan mota ɗaya tak, samfuri kaza, inji kaza, otomatik ko manuwal, kujerun fata ko na yadi, domin mota ɗaya tana da hawa-hawa kuma in baka tsayar ba sai a baka farashin ta ƙasa ka zaci ta sama ce. Sai ka nemi furofoma daga dila uku, ba sai ka je da ƙafarka ba ma, yaronka zai iya nema ta waya a turo ta WhatsApp. In sun zo ka jera su, zaka ga banbanci, wani ya sa kuɗin ɗaukowa, wani bai sa ba, wani ya haɗa da lamba. Ka ɗauki mai sauƙin ka kai wa wanda ya fi kusa da kai ko wanda ya fi wurin sabis mai kyau, ka ajiye masa a tebur ka ce ga abin da 'yan'uwanku suka ba ni, ni kuma na fi son in saya a nan, me zaku yi min? Sai ka yi shiru. Shirun nan fa da gaske nake, Bahaushe in ya ga wuri ya yi tsit sai ya ji dole ya cike shi da magana, garin cikewa sai ya faɗi iya kuɗin da ke aljihunsa. Ka bar su su cike.

Yarinyar da ta kawo shayi ba ita ke da wuƙa da nama ba, iyakarta ta ce bari in tambayi oga. Toh cikin mutunci ka ce a haɗa ka da ogan, manajan sayarwa, shi ya san mota nawa aka ɗora masa ya sayar a wata kuma shi ya san nawa ya rage masa. Shi ya sa ƙarshen wata ya fi farkonsa, Disamba kuma ta fi duk, ana son rufe littafi, sabon samfuri yana hanya, tsohon yana zaune a fili yana cin kuɗin banki. Mafi yawan sababbin motoci a ƙasar nan gwamnati da manyan kamfanoni ke saye, su kuma biyansu sai an bi ofis-ofis ana jira, kai da zaka tura kuɗi yau a ji alat yau kana da daraja fiye da yadda kake zato, ka faɗa musu hakan a fili. Lokacin baje koli ma, irin na Kaduna ko bajen motoci na Abuja, kamfanoni sukan zo da rangwame, ba laifi ka leƙa.

In suka ce farashi ba ya motsi, kuma wani lokacin da gaske suke, sai ka juya ta ɗaya gefen. Sabis na farko da na biyu kyauta har da mai da filta, lamba da takardu a kansu, kawo ta har ƙofar gida a Kano a kan tirela ba wai a ba direba ya tuƙo ta ba, tiraka wato na'urar gano inda mota take, shimfiɗun ƙasa, cikakken tanki. Waɗannan sun fi musu sauƙin bayarwa a kan su taɓa farashi, saboda su a sari suke samu kai kuma da a kiri zaka biya. Duk wanda aka amsa a ƙara shi a takarda. Alkawarin baki a shorum ranar da ka dawo sabis zaka tarar wanda ya yi maka shi an maida shi reshen Fatakwal.

Ka kuma tambaya ko akwai ta bara da ba a sayar ba. Sabuwa ce dal ba wanda ya hau, sai dai ta kwana a fili, a nan ne ragi na gaske yake. In ka samu ka sa a canza mata batir da mai kafin ka karɓa, ka duba tayoyi, ka tabbata garanti daga ranar da ka karɓa zai fara ƙirga.

Abu biyu da nake roƙonka. Kar ka tafi da tawaga, aboki yana kai Alhaji wannan ai kai ta dace da kai, ɗanka yana ɗaukar hoto a jikinta, an gama da kai kenan. Kuma in wani ya ce zai raka ka don ya san manaja, ka sani la'adarsa ba daga sama zata faɗo ba, ragin da za a yi maka ne zai koma aljihunsa, gara ka tambaye shi gaba da gaba nawa ne naka, ka biya shi da hannunka. In ciniki bai faɗa ba ka bar lambar waya ka yi sallama da fara'a ka tafi, kai ma ka iya cewa albarka. Sau da yawa kafin ka wuce Zuba waya ta shigo.

Biya kuma a asusun kamfani mai sunan da ke kan furofoma, ba asusun wani ma'aikaci ba komai kirkinsa. Kar ka ɗauki kuɗi a Gana-mas-go, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Allah ya sa a hau lafiya, ya tsare ta daga ƙarfen nasara na wasu.

Tambaya: Kawu ina wuni. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Kaduna, ina da mota da nake hawa shekara shida tana nan lafiyarta ƙalau, ina so in canza sabuwa amma kuɗina basu kai ba. A kamfanin sun ce zasu karɓi tawa in yi ciko kuma zasu haɗa ni da banki in dinga biya duk wata, mutumin sai tambayata yake nawa zan iya biya a wata wai zai daidaita min. Ni dai tsoron kuɗin ruwa nake kuma ban san ko cutata za a yi a kan tsohuwar ba. Maigidana ya ce in tambaye ka.

Amsa: Lafiya lau 'yata, ki gaishe da maigidan. Tambayar nan ta nawa zaki iya biya a wata kar ki amsa ta, ba don mutumin mugu ba ne, haka aka koya masa. In kika ce miliyan ɗaya da ɗan wani abu, zai daidaita miki ɗin kuwa, ta hanyar ja miki shekaru. Bari in miki misali da lissafi kawai ba wai farashin wani banki ba. A ce miliyan 30 za a biya miki, ana ɗora kashi 20 na asalin kuɗin duk shekara. A shekara 3 an ɗora miliyan 18, zaki biya 48, kusan miliyan 1 da dubu 333 a wata. In aka ja shi zuwa shekara 4 na wata ya sauko miliyan 1 da dubu 125, kin ji sanyi a ranki, alhali jimla ta koma 54. An sauke miki dubu ɗari biyu a wata an ɗora miki miliyan 6. Kinga shi ya sa abin tambaya shi ne daga yau har ranar da zan gama nawa zai fita daga hannuna gaba ɗaya, da kuɗin fom da kuɗin sarrafa takardu da inshorar da zasu tilasta miki duk shekara da tiraka.

Ciniki uku ne a gabanki, su kuma so suke su dama miki su a kwano ɗaya kamar fura, ki raba su. Ki fara gama cinikin sabuwar kamar mai biya lakadan, a rubuta. Bayan nan ki kawo maganar tsohuwar. Bayan nan maganar banki. In aka haɗa, sai a ce an yi miki ragin miliyan ɗaya a sabuwa a zabtare miliyan biyu a kuɗin tsohuwa ki fito kina godiya.

Ita tsohuwar, gaskiya ni ban cika son a ba kamfani ba. Kamfani zai saya ne don ya sayar ya ci riba, dole ya taya ƙasa. Ki sa a wanke ta tas, maigida ko ƙaninki ya zaga da ita wajen masu sayar da motoci biyu ko uku a ji tayinsu, ki sa a sanar a wurin aikinku ma, motar mace ma'aikaciya da aka san tarihinta ai rububinta ake. In tayin kamfani ya zo kusa da na waje, toh ki basu ki huta da masu zuwa su ɗana su tafi. In da nisa ki sayar da kanki, amma a yi takardar canjin mallaka yadda ya kamata kar a je a yi ɓarna da mota tana ɗauke da sunanki.

Maganar ruwa kuma, akwai bankunan da basa mu'amala da shi, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, suna yin murabaha, wato banki ya sayi motar ya sayar miki da riba sananniya ki biya a hankali, kuɗin a tsaye yake ba ya hawa in Babban Banki ya ƙara nasa. Hukuncin wannan malamai ne zasu yi miki bayani ba Kawu ba. Abin da ni zan ce, kasancewarsa babu ruwa ba ya nufin araha ne, lokacin da Babban Banki ya kai ma'auninsa na kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024 kowa kuɗinsa ya yi tsada har su. Ki karɓi lissafin banki biyu a rubuce, kuma ba dole sai wanda kamfanin mota ya nuna miki ba. Ki duba ƙungiyar adashin ma'aikata ta wurinku ma, sau da yawa ta fi kowa sauƙi. Kuma tunda kin ce motarki lafiyarta ƙalau, in lissafin zai cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashi, ni da 'yar cikina ce sai in ce ta ƙara shekara ɗaya tana tari.

Tambaya: Kawu akwai wani mai sayar da motoci a garinmu ya ce yana da sabuwa fil daga Dubai leda ma ba a cire ba, kuma ya fi kamfani sauƙi da miliyoyi. Ya ce kamfani suna ne kawai suke sayarwa. Yayana yake son saye ni ya wakilta in bincika. Akwai matsala?
Wani ɗalibi daga Sakkwato

Amsa: Ƙanena leda ba shaida ba ce, ledar kujera ana sayar da ita a kasuwa. Ba ina cewa mutumin maƙaryaci ba ne, da yawa suna shigo da sababbin motoci na gaske daga Dubai kuma sukan fi sauƙi, tunda basa ɗauke da nauyin wurin sabis da makanikai da garanti. Toh a nan ne sauƙin ya fito. Motar da ba ta biyo ta hannun wakilin kamfani na Najeriya ba, in giya ta samu matsala a wata na biyar, wakilin yana iya cewa bai san da ita ba, garantin da yawanci ake bayarwa na shekara 3 ko kilomita 100,000, wasu ma har shekara 5, sai ya zama yayanka ba shi da ko ɗaya. Ka ɗauki lambar chasis ɗin, harufa da lambobi 17 ne, ka kai wurin sabis na wakilin ka tambaya ko zasu karɓe ta a garanti. Amsar da suka baka ita zata faɗa maka ko miliyoyin nan ragi ne ko kuwa kuɗin gyaran gaba ne aka bar muku a hannu.

Sai shekarunta. A jikin taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu, in ka ga 3523 ana nufin mako na 35 a shekarar 2023. Ka duba duka huɗun da safaya, su zo kusa da juna. Ka buɗe ƙofar direba ka karanta ɗan allon da ke jikin ginshiƙi, ka ja bel ɗin kujera har ƙasa akwai ƙyalle mai rubutu. In motar kasuwar Amurka ce harafi na goma a lambar chasis shekara yake nunawa, P 2023, R 2024, S 2025, amma na wasu ƙasashen ba lallai su bi wannan ba. Dalilin wahalar nan, akwai masu ɗaukar tsohon samfuri su canza masa fitilu da bamba da fuska ya koma kamar na bana, a manyan jif an fi yin wannan. Maleji kuma sabuwa ba ta wuce 'yan kilomitoci kaɗan, shi ma ana taɓa shi, don haka ku je da makanike mai na'urar kwamfuta naku na kanku ba na mai motar ba.

Babban abin da ya fi ba ni tsoro takardun kwastan ne. Ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ku kuma ga ku kusa da Illela. Ku karɓi takardun duti ku je ofishin kwastan da kanku a duba a kwamfuta a ga lambar chasis ɗin ta dace kuma an biya cikakke, kafin ko naira ta fita. Motar da aka biya mata rabin duti ranar da aka tare ta a hanyar Gusau ba mai sayarwa za a nema ba.

In duk wannan ya fita tsaf kuma yayanka ya yarda zai ɗauki nauyin gyara da kansa, toh a nan kam ku yi ciniki irin na kasuwa sosai, wannan shi ke yanka farashinsa ba wani kamfani a sama da shi.

Tambaya: Malam ni daga Maraɗi nake. Tunda naira ta faɗi sefa ta yi ƙarfi, ba gara in je Kano ko Abuja in sayi sabuwa in kawo gida ba?

Amsa: Malam lissafin nan yana aiki a kan atamfa da taliya, a kan sabuwar mota ba sosai ba. Dila a Najeriya da dala yake sayo ta, naira na faɗuwa yake ɗaga farashi, dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024 kuma motoci suka bi ta a guje. Ga shi an riga an biya mata kwastan ɗin Najeriya yana cikin kuɗin, ka kawo ta gida duwan, wato kwastan ɗin Nijar, su ma su karɓi nasu har da TVA, wato VAT ɗinsu, kashi 19, ka biya sau biyu kenan. Garanti kuma sai ka tambaya ko wakilin Yamai zai amsa shi. Ka karɓi farashin Yamai a rubuce, ka karɓi na Kano, ka je wajen mai fitar da kaya a duwan ya lissafa maka nasu, sannan ka gwada. In ta Najeriya ce ake haɗawa a gida, wannan wata maganar ce, sai dai ka fara tambayar inda zaka samu kayan gyaranta a Maraɗi.

Tambaya: Masu kamfanin mota sun ce kalar da nake so ba ta ƙasa tana kan ruwa, in ba da kafin alƙalami rabin kuɗi su riƙe min. In bayar?
Wata Hajiya daga Bauchi

Amsa: Hajiya wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma ni ya taɓa cizona. Shekarun baya na tsaya wa wani ɗan'uwana a wani wuri da ba zan kama suna ba, muka ba da rabi aka ce mako uku, mako uku ya zama wata uku, da motar ta iso aka ce dala ta tashi sai mun yi ciko, na duba rasit ɗinmu babu inda aka rubuta farashi ya tsaya, ni da nake ganin na san aikin. Muka cika muna ji muna gani.

In zaki bayar ki bayar da kaɗan ba rabi ba, kuma a rubuta abu huɗu, cikakken farashi da cewa ba zai canza ba, lambar chasis ɗin motar da aka ware miki, ranar da za a damƙa miki makulli, da cewa in ranar ta wuce za a dawo miki da kuɗinki cif ba a cire komai ba. In basu da lambar chasis toh motar ba ta kan ruwa, ba a ma loda ta ba. In suka saɓa bayan an rubuta, hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC tana karɓar ƙorafi kuma takardar nan zasu fara tambayarki.

Amma Hajiya wace kala ce haka? In fara ko ruwan toka tana ƙasa a gabanki, ki ce musu zaki haƙura da ita in zasu rage miki wani abu tunda ba ita kika zo nema ba, zaki sha mamakin yadda zasu saurare ki. Da zafin Bauchi ma fara ta fi miki, kuma ranar sayarwa ta fi saurin fita.